Bangka da Belitung: Tsibiran Kuza da Rigimar Wa Ya Mallaki Yashin

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai gyaran waya ya ga yadda yake ɗora bakin ƙarfe mai zafi a kan siririyar dalma, ta narke, ta liƙe ƙafar wani ɗan mitsitsin abu a jikin allon wayar. Mafi yawan abin da ke cikin wannan dalmar liƙi ƙarfen kuza ne, kuma kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a yau a wannan aikin take ƙarewa, daga wayar hannu da kwamfuta har zuwa mota da farantan hasken rana. Ƙasar Sin ce ta fi kowa tace kuza, amma ita ke cinye abinta, don haka Indonesiya ce kan gaba wajen fitar da ita kasuwar duniya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na kuzar Indonesiya daga tsibirai biyu take fitowa, wato Bangka da Belitung.

Tsibiran suna gabas da kudancin Sumatra. Wani siririn mashigin teku ne ya raba Bangka da Sumatra, mashigin Gaspar ya raba Bangka da Belitung, sannan mashigin Karimata ya raba Belitung da Borneo. Bangka ce babba, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 11,000, Belitung kuwa ba ta kai rabin haka ba. Su biyun, tare da ɗaruruwan ƙananan tsibirai da ke kewaye da su, sun zama lardi mai cin gashin kansa a shekarar 2000 bayan an cire su daga lardin Sumatra ta Kudu, da babban birni a Pangkalpinang. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen lardin sun kusan kai miliyan ɗaya da rabi, mafi yawansu Malayawa Musulmi, sai kuma jikokin Sinawa waɗanda kuzar ce ta kawo kakanninsu.

Dalilin taruwar kuza a nan yana cikin dutse ne. Akwai wani dogon zirin duwatsu, irin waɗanda suka yi tsiri-tsiri a kewayen Jos, da ya taso daga Myanmar ya ratsa Tailan da Malesiya ya ƙare a waɗannan tsibirai. Ruwan sama da zafi sun shafe miliyoyin shekaru suna rududdugar da dutsen, kuma da yake ƙwayar kuza ta fi yashi nauyi, sai ta riƙa kwanciya a gindin rafuka da kwaruruka yayin da ruwa ke tafiya da sauran. Wannan ya sa ba a bukatar fasa dutse kafin a same ta. A tone ƙasar sama, a kai ga shimfiɗar tsakuwar da ke ɗauke da ita, a wanke. Akwai kuma wani abu da ya shafi rigimar yau kai tsaye. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe teku ya yi ƙasa da inda yake yanzu da fiye da mita 100, har Sumatra da Borneo da waɗannan tsibirai suka kasance ƙasa ɗaya mai koguna. Da ruwa ya dawo sai ya binne waɗancan kwaruruka da kuzarsu, shi ya sa a yau arzikin da ya rage ya fi yawa a ƙarƙashin teku, daidai inda masunta ke jefa taru.

Kafin kuza, tsibiran zango ne kawai a kan hanyar jiragen ruwa tsakanin Indiya da Sin. A Kota Kapur da ke yammacin Bangka an tono wani dutse mai rubutun shekarar 686, wanda ke tsine wa duk mai yi wa daular Sriwijaya tawaye, kuma a 1998 masunta suka ci karo da ɓaraguzan wani jirgin Larabawa na ƙarni na 9 a gaɓar Belitung, shaƙe da tangaran ƙasar Sin kusan 60,000.

Labarin kuzar ya fara ne a wajajen 1710, lokacin da Bangka ke ƙarƙashin Sarkin Musulmin Palembang, wani birni a kudancin Sumatra. A 1722 kamfanin cinikin Turawan Holan da ake kira VOC ya ƙulla yarjejeniya da sarkin cewa duk kuzar da aka haƙa shi kaɗai za a sayar wa, a kan farashin da aka yanke tun farko. Kamfanin kuma ya riƙa kai ta Sin, inda ake buga ta ta zama fallen da ake liƙa wa takardun ƙonawa a wuraren bauta, ake kuma shafe cikin akwatunan ganyen shayi da ita. Tun daga wannan yarjejeniya aka kafa tsarin da ya rayu kusan shekara 280 a tsibiran: mai saye guda ɗaya ne, yana zaune a wani wuri dabam, shi ke yanke farashi, kuma duk wanda ya sayar wa wani ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Da yake farashin VOC bai kai na kasuwa ba, fasa-ƙwaurin ma tare da yarjejeniyar aka haife shi, kuma har yau bai mutu ba.

Sarki Mahmud Badaruddin na Ɗaya, wanda ya hau gadon sarauta a 1724, shi ne ya buɗe ƙofar kawo Sinawa ma'aikata, domin sun zo da fasahar da mutanen gari ba su da ita: tare rafi, jan ruwa ta magudana, injin katako mai kwashe ruwa daga rami, da murhun narka kuza da gawayi. Yawancinsu 'yan ƙabilar Hakka ne daga kudancin Sin, kuma suna aiki ne a ƙungiyoyin da ake kira kongsi, inda kowane mai hannun jari ke da kaso a abin da ramin ya bayar. Wakilin hukuma yakan ba su bashin shinkafa da mai da tufafi, a cire idan sun kawo kuza a ƙarshen shekara, kuma galibi bashin ne ke riga kuzar girma. Sawun wannan zamani yana nan a sunayen garuruwa, domin kalmar parit, wadda asalinta magudanar ruwa take nufi, ita ce ta zama sunan ramin haƙa, kuma akwai gari a yammacin Bangka mai suna Parittiga, wato rami na uku.

A 1812 sojojin Birtaniya, a zamanin da Stamford Raffles ke mulkin Jawa, suka ci Palembang suka ƙwace Bangka daga hannun sarkin. Ba su daɗe ba, domin a yarjejeniyar 1814 sun miƙa wa Holan tsibirin a madadin Kochin da ke Indiya, kamar masu musayar gona, ba tare da an ji ta bakin kowa a Bangka ba. Abin da wannan ɗan gajeren zama ya bari shi ne cire sarki daga tsakani, ta yadda gwamnatin mulkin mallaka ta zama ita ce mai ƙasa, ita ce mai saye. Shugabannin gargajiya da suka rasa kasonsu ba su yi shiru ba. Mafi shahara cikinsu shi ne Depati Amir, wanda ya yi yaƙin sunƙuru daga 1848 zuwa 1851 kafin a kama shi a kai shi gudun hijira Kupang da ke tsibirin Timor. A 2018 Indonesiya ta sanya shi cikin gwarazan ƙasa, kuma filin jirgin saman Pangkalpinang sunansa yake ɗauke da shi.

Belitung ta bi wata hanya dabam. Sai a 1851 ne wasu 'yan Holan, cikinsu har da John Francis Loudon, suka tabbatar akwai kuza mai yawa a can, kuma maimakon gwamnati ta riƙe aikin kamar yadda ta yi a Bangka, sai ta ba 'yan kasuwa izini. A 1860 aka kafa kamfanin Billiton a birnin Hague, da sunan tsibirin yadda bakin Bature ya iya faɗa. Tarihin wannan suna kaɗai ya isa ya nuna inda arzikin ya dosa. Kamfanin ya yi ƙarfi da kuzar Belitung, ya faɗaɗa zuwa wasu ma'adinai a wasu nahiyoyi, kamfanin Shell ya saye shi a 1970, Gencor na Afirka ta Kudu ya karɓe shi a 1994, sannan a 2001 ya haɗe da BHP na Ostireliya aka sami BHP Billiton, wanda ya zama kamfanin haƙar ma'adinai mafi girma a duniya. Daga 2017 kamfanin ya fara yar da kalmar Billiton daga sunansa. Tsibirin da ya ara masa sunan kuwa ya daɗe da zama wurin da samari ke barin gida su tafi Jakarta neman aiki.

A zamanin Turawan Holan garuruwan kuza a rabe suke. Manyan ma'aikata Turawa suna unguwa mai shinge da lantarki da asibiti da makaranta, leburori Sinawa da aka ɗauko da kwantiragi suna bariki, kuma wanda ya gudu kafin wa'adinsa ya cika doka ta ba da damar a kamo shi a hukunta. Malayawan gari an bar su da noma da kamun kifi da sarar itacen gawayi. A wajajen 1930 Sinawa sun kusan kai rabin mutanen Bangka. Daga shekarun 1920 kuma manyan jiragen yasa masu jerin bokitan ƙarfe suka fara maye gurbin fartanya da kwando, aka rage bukatar leburori, wasu suka koma Sin, wasu suka zauna suka auri matan gari suka kama noman masoro. Zaman Malayawa da Sinawa a waɗannan tsibirai ya fi na wurare da yawa a Indonesiya lafiya, kuma daga cikin jikokin Hakka na gabashin Belitung ne aka sami Basuki Tjahaja Purnama, wanda ya yi gwamnan Jakarta daga 2014 zuwa 2017.

A nan ne tarihin tsibiran ya taɓa namu. A watan Fabrairun 1942 sojojin Japan suka kama Bangka, bayan sun riga sun mamaye Malaya, sai aka wayi gari Birtaniya da ƙawayenta sun rasa mafi yawan kuzar da suke dogaro da ita a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Idonsu ya koma kan tudun Jos, kuma abin da ya biyo baya shi ne aikin tilas da tsofaffinmu ke kira ɗiban gwamna, inda aka kwaso dubun-dubatar mutane daga lardunan Arewa aka tura su filayen kuza tsakanin 1942 da 1944, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Baƙauyen da aka tisa ƙeyarsa zuwa Bukuru bai taɓa jin sunan Bangka ba, amma faɗuwarta tana cikin abin da ya raba shi da gonarsa.

Bayan yaƙin, Turawan Holan sun tsare jagororin neman 'yancin ƙasar, Sukarno da Mohammad Hatta, a yankin Muntok na Bangka har zuwa tsakiyar 1949, kafin su haƙura su amince da 'yancin Indonesiya. Sabuwar gwamnati ta karɓe kamfanonin kuza ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1953 da 1958, ta haɗe su a 1968, kuma a 1976 aka sami kamfanin gwamnati da yau ake kira PT Timah, domin timah ita ce kuza a harshensu. Sai dai babakeren bai sauya ba, mai riƙe da shi ne ya sauya. A zamanin shugaban ƙasa Suharto an ɗauki kuza a matsayin dukiyar tsaron ƙasa, kuma mutumin da aka kama da buhun yashinta ba da izini ba, ko da a bayan gidansa ya tono, kurkuku yake nufa. Unguwannin Turawa masu shinge suka koma na manyan ma'aikatan kamfani, riba ta riƙa tafiya Jakarta, ɗan abin da aka yaga wa lardi kuma ya tsaya a Palembang, babban birnin lardin Sumatra ta Kudu.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari daga Landan ya zo. Tun 1956 ƙasashe masu samar da kuza da masu sayenta, cikinsu har da Indonesiya da Malesiya da Boliviya da Najeriya, suke da wata majalisa da ke saye da ɓoye kuza idan farashi ya faɗi, ta fito da ita idan ya tashi. Amma gwangwanin alminiyum ya rage bukatar kuza, Brazil wadda ba ta cikin yarjejeniyar ta cika kasuwa, majalisar kuma ta yi ta cin bashi tana saye har kuɗi suka ƙare mata a ranar 24 ga Oktoba, 1985. Kasuwar Ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza har zuwa 1989, farashin tan ɗaya ya faɗo daga sama da fam 8,000 zuwa ƙasa da fam 4,000. Wannan guguwar ce ta ƙarasa abin da ya rage na manyan kamfanonin Jos, ita ce kuma ta sa PT Timah, a farkon shekarun 1990, ya sallami dubban ma'aikata, ya rufe aikinsa a tsibirin Singkep, ya janye daga mafi yawan Belitung, ya bar asibitoci da makarantu da gidajen lantarki ga ƙananan hukumomin da ba su da kuɗin riƙe su.

Sai kuma faɗuwar Suharto a 1998 da rabon iko ga gundumomi da ya biyo baya. A 1999 ma'aikatar ciniki ta cire kuza daga jerin kayan da gwamnati ke sa wa ido wajen fitarwa, kuma a 2001 gundumar Bangka, ƙarƙashin shugabanta Eko Maulana Ali, ta yi dokar da ta ba jama'a damar haƙa. A daidai lokacin ne farashin farin masoron Muntok, wanda ya yi suna a duniya kuma ya yi tashin gwauron zabi a lokacin da darajar rupiya, kuɗin Indonesiya, ta karye, ya rikito. Manomin da gonar masoronsa ba ta ƙara biyan kuɗin taki ba, ga shi kuma an ce yashin da ke ƙarƙashinta ya halatta, bai tsaya dogon tunani ba. Cikin 'yan shekaru dubban ƙananan ramuka suka cika tsibirin, waɗanda mutanen wurin ke kira TI, gajarta wata kalma da ke nufin haƙar da ba ta bi tsarin kamfani ba.

Aikin TI na tudu bai da wuyar ganewa ga wanda ya san haƙar loto a Filato. Mutum huɗu ko biyar ne da injin dizal biyu. Ɗaya yana tura ruwa ta mesa mai ƙarfi ana feshin bangon rami har ya narke ya zama taɓo, ɗayan yana zuƙo taɓon zuwa wani dogon akwatin katako mai gangara da suke kira sakan. A cikin akwatin wani yana tsaye da fartanya, ƙafafunsa cikin ruwa, yana motsa yashin ta yadda farin zai bi ruwa ya wuce, baƙin mai nauyi ya kwanta a bayan katakan da aka gitta. A ƙasan akwatin kuma mata da yara ne da robobi suna sake wanke abin da ya kuɓuce. Da yamma a zuba abin da aka samu a buhu, dillali ya auna ya biya nan take. Haɗarin yana a bangon ramin, domin yashin da aka jiƙa daga ƙasa ba ya yin gargaɗi kafin ya rufto, kuma kowace shekara yana binne mutane.

Na teku ya fi wannan tsanani. Ana haɗa dandamalin katako a kan durom-durom na roba, a ɗora inji da sakan, a ja shi zuwa inda ake zaton akwai kuza. Mutum ɗaya zai nutse zuwa ƙasan teku, ya ciji bakin siririyar mesa da ke kawo masa iska daga injin hura taya irin na masu faci, ya rungumi babbar mesar zuƙo yashi ya riƙa cusa ta cikin ƙasa. Ruwan ya riga ya gurɓace da laka, don haka ba ya ganin ko tafin hannunsa, da lalube yake aiki har na sa'o'i, a cikin ramin da shi da kansa yake zurfafawa. Idan injin ya mutu, ko hayaƙinsa ya shiga mesar iska, ko gefen ramin ya zubo, waɗanda ke sama sai dai su ji igiya ta daina motsi. Ba da nisa ba kuma manyan jiragen zuƙo yashi na PT Timah da 'yan kwangilarsa suna yin irin wannan aiki da izinin hukuma, suna amayar da laka ninkin-ba-ninkin abin da dandamalin katako zai iya.

Ɓarnar a bayyane take ga duk wanda jirgi ya sauko da shi Pangkalpinang, domin daga sama ƙasar kamar tsohuwar tabarma take, farin yashi da ramukan ruwa masu launin shuɗi da kore. Waɗannan kududdufai su ake kira kolong, kuma ruwan sababbinsu yana da tsami sosai, ba ya raya kifi sai bayan shekaru masu yawa. Sauro na hayayyafa a cikinsu, kadojin da aka lalata musu fadamu sun koma ciki, har lardin ya shiga sahun gaba a Indonesiya wajen yawan harin kada. Yashin da ya cike rafuka yana cikin abin da aka ɗora wa alhakin ambaliyar da ta mamaye Pangkalpinang a Fabrairun 2016. A teku kuwa lakar tana kwanciya a kan duwatsun murjani ta kashe su, kifi ya yi nisa, masunci ya ƙona man da ya fi na da kafin ya cika kwando, wani lokaci ma ya sayar da jirgin ya shiga haƙar da ta kore masa kifin.

Abu ne mai sauƙi a ɗora laifin duka a kan masu TI, kuma haka hukumomi suka saba yi, a yi samame, a ƙona dandamali, a nuna injinan da aka ƙwace a talabijin. A ganina wannan hukunci bai cika adalci ba. Shekaru kusan 280 mutanen tsibiran suna kallon kuza tana wucewa ta gabansu, kuma shekarun TI ne karo na farko da kuɗinta ya shiga aljihun talaka kai tsaye, ya gina gidan bulo, ya sayi babur, ya kai ɗa jami'a, ya biya kujerar Makka. Wanda zai ce a koma tsarin da, sai ya fara bayyana wa waɗannan mutane abin da tsarin da ya taɓa ba su. Ban da haka, mai nutso ba shi da matata, ba shi da jirgin dakon kaya, ba shi da takardar fitar da kaya waje. Yashinsa yana bi ta hannun ƙaramin dillali zuwa babba, daga nan zuwa matata, inda yake narkewa tare da na halas ya fito a sanda ɗaya mai hatimi. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnatin tarayya ta yi ta ƙoƙarin toshe ɓarakar daga sama. A 2002 ta hana fitar da ɗanyen yashin kuza, wanda ake kwasa zuwa matatun Malesiya da Tailan da Singafo, sai matatu masu zaman kansu suka tsiro a Bangka kamar naman kaza, kuma yawancinsu da yashin TI suka rayu. A 2013 ta wajabta cewa duk sandar kuzar da za a fitar sai an yi cinikinta a kasuwar kayayyaki ta cikin gida. Daga waje ma an matsa, domin a 2012 ƙungiyar kare muhalli ta Friends of the Earth ta tasa manyan kamfanonin waya a gaba, har Samsung ya amince a shekarar da ta biyo cewa akwai kuzar Bangka a cikin kayansa. Amma bukatar ba ta ragu ba. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2006, wadda ta hana sa gubar dalma a liƙin kayan lantarki, ta ƙara yawan kuzar da ake zubawa a kowane liƙi, kuma a Maris na 2022 farashin tan ɗaya ya kai wajen dala 50,000.

Shari'ar da ofishin babban lauyan gwamnati ya buɗe a 2024 ce ta fito da abin da kowa a Bangka ya daɗe da sani. Masu gabatar da ƙara sun nuna cewa tsakanin 2015 da 2022 wasu shugabannin PT Timah sun haɗa baki da masu matatu, aka kafa kamfanonin bogi da ke sayen yashin da aka haƙa ba bisa ƙa'ida ba a cikin filayen PT Timah ɗin kansa, sannan kamfanin ya sake sayen kayansa, ya kuma yi hayar injinan narkawa a farashin da aka kumbura. An yanke wa tsohon shugaban kamfanin, Mochtar Riza Pahlevi Tabrani, hukuncin ɗauri, shi kuma ɗan kasuwa Harvey Moeis, wanda aka fara yanke wa shekara shida da rabi a Disambar 2024 har jama'a suka yi ta tofin Allah tsine, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da nasa shekara 20 a Fabrairun 2025. Adadin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne rupiya tiriliyan 271, sama da dala biliyan 16, sai dai ya kamata a fahimci cewa wannan ba kuɗin da aka sace ba ne. Ƙiyasin ɓarnar muhalli ne da wani masani na jami'ar noma ta Bogor, Bambang Hero Saharjo, ya yi, kuma lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun yi ta jayayya da lissafin. Da aka rufe matatun da abin ya shafa, waɗanda suka fara ji a jikinsu su ne leburori da masu TI da suka rasa mai sayen yashinsu, kuma bunƙasar tattalin arzikin lardin a 2024 ta faɗo ƙasa da kashi 1 cikin ɗari.

Belitung, wadda kamfani ya yi watsi da ita tun da wuri, ita ce ta fara samun wata mafita. Wani littafin labari na 2005 game da yaran talakawan ma'aikatan kuza, da fim ɗin da aka yi da shi a 2008, sun sa 'yan Indonesiya suka fara tururuwa don ganin gaɓar Tanjung Tinggi mai farin yashi da manyan duwatsu, da hasumiyar jagorar jiragen ruwa ta tsibirin Lengkuas da aka gina a 1882. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Belitung cikin wuraren duniya da ake adanawa saboda tarihin duwatsu da ƙasarsu, kuma cikin abubuwan da ake nuna wa baƙi akwai tsohon ramin Nam Salu a Kelapa Kampit da baƙin dutsen satam, wanda ya samu daga faɗowar wani dutsen sama kuma a ramukan kuza ake tsintarsa. Da yake yanzu akwai masu otal da masu jiragen yawo da ke cin abinci da tsabtar teku, masuntan Belitung sun sami abokan tafiya wajen hana jiragen haƙa shiga ruwansu. Ba a daina haƙa a tudu ba, musamman a gabashin tsibirin, amma aƙalla a can ana iya kiran kuza gadon tarihi ba tare da an yi ƙarya ba.

A Bangka kalmar gado ba ta zauna ba tukuna, duk da gidajen tarihin kuza da ke Pangkalpinang da Muntok, domin abin da ake son tunawa da shi bai wuce ba. Doka ta wajabta wa mai izinin haƙa ya cike rami ya dasa itatuwa, kuma PT Timah yana yin hakan a wasu wurare, amma sau da yawa da zarar farashi ya tashi sai a sake tone filin da aka gyara, saboda tsofaffin injuna sun bar ragowar kuza a cikin yashin da suka zubar. Yanzu ma an gano cewa wannan tarin yashi yana ɗauke da monazait da zirkon da ilmenait, irin ma'adinan da ake samu a jibgin ƙasar kuza na Filato, waɗanda masana'antun zamani ke nema ruwa a jallo, don haka tsohon juji ya koma abin rububi. Harajin da gwamnati ke karɓa a kan kuza ya daɗe a kashi 3 cikin ɗari kacal kafin a sauya shi a 2025, kuma shugabannin lardin sun sha neman a ba su hannun jari a PT Timah.

Kuzar tudu tana ƙarewa, kamfanin kansa ya karkata mafi yawan aikinsa zuwa teku, kuma kowane sabon fili da zai buɗe yana gaban wani ƙauyen masunta ne. A Batu Beriga da ke gabashin gundumar Bangka ta Tsakiya, kamfanin yana riƙe da takardar izini kuma taswirar rabon teku ta lardi ta ware wurin don haƙa, mutanen ƙauyen kuwa sun yi ta zanga-zanga a 2024 suna cewa wannan ruwan ne ya ciyar da kakanninsu, kuma sun ga abin da ya faru da gaɓar maƙwabtansu da suka amince. A cikin ƙauyukan da ke irin wannan hali akan sami gida ɗaya da wa yake fita kamun kifi da asuba, ƙane kuma yana jiran a buɗe filin ya haɗa dandamalinsa.